Da gaske ne ana tsayar da zuciya a ɗora mutum kan inji lokacin tiyata?

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina neman wanda yas san harkar asibiti shi yi muna bayani. Ƙanwata, shekarunta 19, ta daɗe tana hwama da haki da kumburin ƙahwa, in za ta kwanta sai an tara mata matasan kai. Munka kai ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo anka yi mata hoton zuciya, likita yac ce bawul guda na zuciyatta, wato ƙohwar da ka hana jini komawa baya, ya lalace, shina yoyo, jini na komawa baya, kuma magani ba ya gyara shi sai tiyata. Wurin bayani sai yac ce za a tsayar da zuciyar ɗungum, a ɗora ta bisa wani inji da ka riƙe aikin zuciya da huhu har a gama. Tun da Inna taj ji wagga magana tac ce ba da ita ba, wai mutumin da zuciyatai ta tsaya ai gawa na. Don Allah da gaske na ana tsayar da ita? In an tsayar, mi ka tashe ta?

Hajiya_Runjin_Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba yarinya lahiya. Kada ku ga laihin Innarku, uwa ta. Ni ma da nij ji jikina ya yi sanyi.

MaiBawul:
Ɗan'uwa, da gaske ne, kuma ga ni ina rubuta maka. An yi mini irin wannan aikin a Indiya, an sa mini bawul na ƙarfe. Abin da na sani kawai, likitan sa barci ya ce in ja numfashi, sai farkawa na yi a sashen kulawa ta musamman da roba a maƙogwaro. Ban ji tsayawar zuciya ba, ban ji tashinta ba. Ciwon ƙashin ƙirji ne ya dame ni makonnin farko, musamman wurin tari. Kafin aikin ko masallacin unguwa ba na iya zuwa sai na huta a hanya, yanzu ina kasuwa da ƙafata. Da dare in gida ya yi tsit ina jin ƙarar bawul ɗin, ƙas ƙas, iyalina ma suna ji.

Sista_Tiyata:
Dan_Mabera, bari in faɗa maka yadda abin yake daki-daki, sai ka karanta wa Inna. Na yi aiki a ɗakin tiyata inda ake wannan.

Bayan an sa mara lafiya barci, ana buɗe ƙashin ƙirji ta tsakiya. Kafin a taɓa inji sai an ba shi allurar hefarin mai yawa, maganin da ke hana jini daskarewa, don jini in ya fita jijiya ya taɓa roba gudaji yake yi. Ana ɗiban jinin a gwada: na lafiyayye yana daskarewa cikin minti biyu ko kusa da haka, amma ba za a kunna inji ba sai gwajin ya wuce daƙiƙa 400, wasu ma 480 suke jira.

Sai likita ya soka tiyo a ɓangaren dama na zuciya, inda jinin da jiki ya gama amfani da shi ke dawowa. Jinin ya gangara cikin mazubi, famfo ya tura shi cikin huhun roba, a can ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin, ya bi ta matata, ya koma jiki ta wani tiyon da aka soka a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Da zarar inji ya ɗauki nauyin duka, ko na'urar numfashi kashe ta ake yi, huhu ya huta. Babban mutum lita 4 zuwa 5 ake zagaya masa kowane minti. Ƙwaƙwalwa, ƙoda, hanta, duk suna samun jininsu ba yankewa. Wannan shi ne abin da Inna ke buƙatar ji.

Daga nan ne ake matse babbar jijiyar tsakanin zuciya da tiyon, a ɗura wa zuciya wani ruwa mai sanyi ƙarara mai ɗauke da gishirin fotasiyam. Nan take ta saki, ta kwanta. Da gangan ake yi, don likita ba zai iya ɗinkin bawul a naman da ke motsi cike da jini ba, kuma zuciyar da ta huta cikin sanyi ba ta cin oksijin sai ɗan kaɗan.

Dan_Mabera:
Na gode Sista, Allah shi saka. To tashin hwa? Nan na tsoronmu yake.

Dr_Gobir:
Tashin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. In an gama ɗinki ana fitar da duk iskar da ta shiga zuciya, a ɗumama jini a cikin injin, a cire abin da aka matse jijiya da shi. Jini mai ɗumi ya shiga jijiyoyin zuciya ya wanke fotasiyam ɗin. Sau da yawa da kanta take fara bugawa, don wutar da ke sa ta bugu a cikinta Allah ya halitta. In ta tashi da karkarwa maimakon bugu, sai a ɗan jona mata lantarki kai tsaye ta daidaita. Ana kuma barin siraran wayoyi na wucin gadi a jikinta ko za a buƙaci taimaka wa bugun na 'yan kwanaki. Ba a kashe inji farat ɗaya, a hankali ake rage shi ana miƙa wa zuciya kayanta ana kallon yadda take ɗauka. In ta nuna gajiya a koma kan inji ta ƙara hutawa. Ƙarshe sai a ba da furotamin ya karya hefarin ɗin, jini ya dawo yana daskarewa.

Amma ba zan ɓoye maka ba, babban aiki ne kuma yana da haɗari: zubar jini, rauni a ƙoda, shanyewar ɓarin jiki in gudaji ko kumfar iska ta tafi ƙwaƙwalwa, da ruɗewa na 'yan kwanaki musamman ga tsofaffi. Gwargwadon daɗewa kan inji, gwargwadon haɗarin. Sai dai a ɗora wannan a sikeli da haɗarin barin bawul mai yoyo. Zuciya tana ta faɗaɗa tana raunana, in aka makara ko an canza bawul ɗin ba ta komawa yadda take.

Manomin_Kwalkwalawa:
Ni na gane shi da aikinmu na hwadama. In hanyar ruwa ta ɓalle, ba ka iya gyaranta ruwa na gudu, kuma ba ka barin albasa da ƙishi. Sai ka datse, ka kunna injin ban ruwa ka zagaya da tiyo, shuka na sha kana gyara. In ka gama ka buɗe. Haka na, Dakta?

Dr_Gobir:
Haka ne Malam, ka kama shi.

Dalibin_Likita:
Don Inna ta san ba gwaji za a yi da ɗiyarta ba, abin ya haura shekara 70. Wani likitan Amurka, John Gibbon, ya shafe kusan shekara ashirin yana haɗa injin, matarsa Mary na taya shi, daga baya kamfanin IBM ya taimaka da ƙira. Ran 6 ga Mayu 1953 a birnin Philadelphia ya rufe huda a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, inji ya riƙe ta gaba ɗaya na minti 26, ta kuma rayu shekaru masu yawa bayan haka. Marasa lafiya biyu da suka biyo bayanta ba su rayu ba, abin ya taɓa shi har ya daina tiyatar zuciya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Walton Lillehei na Jami'ar Minnesota. A 1954, kafin injin ya inganta, uba ko uwar yaro yake kwantarwa kusa da shi ya haɗa jijiyoyinsu da tiyo, huhun mahaifi ya riƙa numfasa wa ɗa har a gama gyara. Ya yi wa mutum 45 haka. A 1955 John Kirklin na asibitin Mayo ya gyara injin Gibbon ya fara aiki da shi a kai a kai. Mu nan Najeriya, ran 1 ga Fabrairu 1974 aka fara yi a asibitin koyarwa na Enugu, Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub, ɗan Masar da ke aiki a Ingila.

Bagobira:
Uwa ta kwanta a haɗa jininta da na ɗanta... Allahu Akbar. Da a ce har yau haka ake yi, na tabbata Innar Dan_Mabera da gudu za ta kwanta.

Alhaji_Illela:
Duk na ji, amma ku bar zancen Amurka. Mu yi maganar ƙasarmu. Ana tsakar aiki, zuciya a tsaye, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Sai ƙaƙa?

Injiniya_Arkilla:
Alhaji, tambayarka a kan hanya take, kuma masu ƙera injin sun riga sun yi tunaninta. Gyaran kayan asibiti ne sana'ata. Injin yana da batir a cikinsa da ke karɓa nan take. In batir ma ya ci amana, kowane famfo yana da hannu na juyawa, ma'aikaci ya sa hannu ya yi ta juyawa jini na tafiya. Famfon gargajiya ba wani abu ne mai wuya ba, 'yan ƙafafu ne ke birgima suna matse tiyo suna tura jini gaba, ƙarfe ba ya taɓa jinin. Akwai kuma sabon salo mai juyawa da maganaɗisu wanda ya fi tausaya wa ƙwayoyin jini. Akwai na'ura mai lura da kumfar iska a tiyo, akwai mai lura da kada jini ya yi ƙasa a mazubi, su yi ƙara su tsayar da famfo.

Ni abin da ke hana ni barci ba injin ba ne. Gwamnati ko mai kuɗi na iya sayen inji a ɗauki hoto. Amma huhun robar, da tiyo, da mazubi, da matata, duk sau ɗaya ake amfani da su a zubar, kowane mara lafiya da nasa sabo, kuma na yaro daban na babba daban. Daga waje ake shigo da su, da dala. Huhun robar nan dubban siraran zare ne masu rami a ciki, oksijin na bi ta ciki jini na bi ta waje, ba abin da za a wanke a sake sawa ba ne. Sannan ga mutumin da ke zaune bayan injin. Ba likitan fiɗa ba ne, ma'aikaci ne na musamman da ya karanci wannan kaɗai, idonsa kan hawan jini, zafin jiki, oksijin da gwajin daskarewa minti bayan minti. Irinsu ƙalilan ne a ƙasar nan. Inji ba shi da amfani in babu shi.

Alhaji_Illela:
To ka ga ni ma inda nike nuhi ke nan. Ni in ɗiyata ta, waje za ni kai ta ko da gona za ni saisuwa.

Sista_Tiyata:
Alhaji, ana yin aikin nan a Enugu, Legas, Ibadan da Abuja, kuma mutane na tashi. Zuwa waje ma yana da tasa wahalar: in ka dawo wani abu ya taso, wanda ya yi maka aikin yana wata ƙasa. Abin dubawa shi ne wurin da suke yi a kai a kai, ba sai baƙi sun zo sau ɗaya a shekara ba.

Mai_Kemis:
Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma gara a ji shi a nan da a ji daga baya. Hefarin ɗin da Sista ta faɗa, mafi yawansa daga hanjin alade ake tace shi. Bawul ɗin nama kuma, wani na alade ne, wani daga jakar zuciyar saniya ake ɗinka shi.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Innalillahi! Alade kuma? To wanga kam sai malamai.

Malam_Kofar_Rini:
Bismillah. Mas'ala biyu ce a nan. Ta farko ta Inna: mutuwa ita ce rabuwar rai da jiki, ba hutawar wata gaɓa da magani ba. Wanda jini ke zagaya jikinsa, ƙwaƙwalwarsa na raye, ba a yi masa hukuncin mamaci, ba a raba gadonsa, matarsa ba ta shiga takaba. Kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya kore tawakkali. Ajali kuwa in ya zo, ko a kan gadon Inna zai same ta.

Ta biyu ta alade: haramcinsa a bayyane yake, amma ayar da ta haramta a Suratul Baƙara, aya ta 173, ita ce ta ce wanda lalura ta tilasta, ba mai zalunci ba kuma ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. In likita amintacce ya ce ba a yin aikin sai da wannan allura kuma babu madadinta a hannu, ceton rai ya rinjaya. Wallahu a'alam.

Abu_Sumayya:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, na yarda da kai kan allurar. Amma kan bawul ban ga lalura ba tunda ga na saniya ga na ƙarfe. Sharaɗin lalura ai rashin madadi ne.

Malam_Kofar_Rini:
Gaskiya ka faɗa, shi ya sa na ce in babu madadi. Su tambayi likita tun kafin ranar aiki.

Dr_Gobir:
Zaɓin bawul ga yarinya 'yar 19 ya fi haka nauyi, don akwai aure da haihuwa a gaba. Na ƙarfe yana daɗewa, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwa, amma dole shan wafarin, maganin hana jini gudaji, kullum da gwajin jini a kai a kai. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman watannin farko, kuma daina shi da ka yana iya sa gudaji ya toshe bawul. Na nama ba ya buƙatar wafarin na dindindin, amma yana lalacewa, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matasa, wato za a sake buɗe ƙirji wata rana. In ana iya gyara nata bawul ɗin ba tare da an cire ba, shi ya fi. Ku tambayi wannan musamman. Akwai kuma buɗa bawul da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da inji ba, amma wannan na bawul ɗin da ya tsuke ne. Kai ka ce nata yoyo yake yi, don haka da wuya ya dace da ita.

MaiBawul:
Maganar wafarin gaskiya ce. Ni shi ne ɗawainiyata yanzu, ba tiyatar ba. Ko zogale da alayyafo sai na daidaita cinsu, kada yau da yawa gobe babu, don suna taɓa aikin maganin. Wanda ke ƙauye nesa da wurin gwaji ya yi tunani sosai.

UwarGida_Tambuwal:
Ni kishiyar yayata zuciyarta ta kumbura bayan haihuwa, haki da kumburin ƙafa kamar yadda ya faɗa, amma ƙwayoyi kawai aka ba ta ta warke. Ko a gwada wannan tukuna?

Dr_Gobir:
Hajiya, wancan ciwo daban ne ko da alamun sun yi kama. Raunin tsokar zuciya ne na bayan haihuwa, yana da yawa a Arewa, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 suna duba alaƙarsa da kunun kanwa da zafin wankan jego. Shi da magani ake bi. Bawul ɗin da ya lalace kuwa ƙwaya tana rage kumburi da haki ne kawai.

Sista_Tiyata:
Abin da ke ƙona mini rai, yawancin 'yan matan da ke zuwa da lalataccen bawul daga ciwon maƙogwaro na yarinta abin ya faro. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙoshi, in ba a kashe ta ba garkuwar jiki ta rikice ta afka wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Fenisilin mai araha ke maganinta. Mu kuwa yaro na kukan maƙogwaro da zazzaɓi sai a ce belu ne, a kira wanzami. Bayan shekara goma ana neman miliyoyi. Dan_Mabera, ka tambaya ko sun ɗora ta kan allurar fenisilin ta wata-wata, don ko bayan tiyata ana ci gaba da ita. Ƙannenta ma a duba su.

Dan_Wanzam:
Sista, kada a ɗora muna laihi duka. Ubana wanzami na, kuma yanzu in ya ga zazzaɓi asibiti shika turawa. Mutane na zuwa wurinmu don mu muna kusa.

Sista_Tiyata:
Allah ya saka masa, irinsa muke so su yawaita.

Maman_Ikram:
Don Allah Dakta, ɗana sikila ne kuma an ce yana da huda a zuciya. Na ji ana cewa injin sanyaya jini yake yi, shi kuwa sanyi ne abokin gabarsa.

Dr_Gobir:
Ana yi wa masu sikila, amma da shiri na daban. Galibi ana sanyaya jiki zuwa digiri 32 ko 28, a wasu manyan ayyuka har 18. Ga mai sikila ana kauce wa sanyin sosai, kuma ana yi masa musanyar jini kafin aiki ko lokacinsa don a rage jinin sikilar. Wasu hudojin ma ana toshe su ta jijiya ba a buɗe ƙirji ba, wasu ƙanana suna rufewa da kansu. Likitan zuciyar yara ne zai faɗa miki wace iri ce tasa.

Zamfarawa:
Kan kuɗi, akwai cibiyar Salam a Khartoum da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, tiyatar zuciya kyauta, mutane daga ƙasashen Afirka da dama sun amfana. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa hanyar ba ta biyuwa kamar da.

Dan_Mabera:
Na karanta ma Inna bayanin Sista da na Malam. Ta yi shiru, sannan tac ce a sake karanta mata wurin da anka ce jini ba ya yankewa. Ba ta ce ta yarda ba tukuna. Tac ce tana son ta ga wanda anka yi ma da idonta. Kawunmu kuma shina ganin a dakata har bayan girbi a ga abin da za a tara.

Dr_Gobir:
Dakatawar kada ku yanke ta ku kaɗai. Ku koma wurin likitan da ya yi hoton, ku tambaye shi ƙarfin zuciyar yanzu da tsawon lokacin da za ta iya jira.

MaiBawul:
Ina cikin gari. Ka yi mini magana ta akwatin sirri, in sha Allahu zan zo in gaida Inna, ta ga tabon ta ji ƙarar da kunnenta.

Injiniya_Arkilla:
Duk asibitin da kuka zaɓa, ku tambaya ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da huhun roba da bawul da kwanakin sashen kulawa ta musamman. A nan ne lissafi ke sauyawa.

Sista_Tiyata:
Ku fara jera 'yan'uwa masu ba da jini tun yanzu a gwada rukuninsu, aikin nan yana cin jini leda da yawa. Kuma a kai ta wurin likitan haƙori kafin a sa rana. Ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta kan sabon bawul, likitocin fiɗa da yawa ba sa taɓa mara lafiya sai an gyara bakinsa.